Sankarar bakin mahaifa: masu bincike sun sauke nauyinsu, saura magabata da masu gida

Bisa ga ƙidayar Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, a cikin shekarar 1 kaɗai, 2022, mata wajen dubu 660 suka kamu da sankarar bakin mahaifa, wajen dubu 350 kuma suka rasu ta dalilinta. Cikin kowace mace 100 da ta rasu, 94 ƴan ƙasashe matalauta ne ko masu matsakaicin hali. Jikin macen Turai da na macen Dakwaro ko ta Magarya duk halitta ɗaya ce, ƙwayar cutar ma iri ɗaya ce. Abin da ya raba su shi ne, waccan ana duba ta tun ciwo bai nuna ba, wannan kuwa ba ta ganin likita sai jini ya ƙi tsayawa.

Ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan. Amma neman magani wajibi ne, kuma wannan ciwo yana cikin ƴan ƙalilan na dangin ciwon daji da masana suka san mafarinsu, suka san rigakafinsu, suka kuma san maganinsu tun suna ƙanana. Sabo da haka ya kamata ƙarfin hukuma da kuɗinta su fi karkata wajen kai allura da awo da magani zuwa ƙananan gidajen likita na karkara, inda mafi yawan matan ƙasa suke zaune. Babban asibitin Yamai yana da nasa aiki, amma ba shi zai tare ciwon tun daga tushe ba.

Abin da aka gano game da ciwon

Shekaru da yawa likitoci suna ganin ciwon ba su san abin da ke haddasa shi ba. A 1983 da 1984 wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, tare da abokan aikinsa, suka ware iri biyu na wata ƙwayar cuta da ake kira HPV daga jikin matan da ke da sankarar, aka sa musu lamba 16 da 18. Waɗannan biyun su ke kawo wajen kashi 70 cikin ɗari na ciwon a duniya. An ba shi kyautar Nobel a 2008 sabo da wannan aiki.

Ƙwayar tana wucewa ne ta saduwa tsakanin namiji da mace, kuma tana da yawa ƙwarai: akasarin mutanen da suka yi aure za su gamu da ita wata rana ba su sani ba. Ga mafi yawansu jiki kan kore ta da kansa cikin shekara 1 ko 2. Ga waɗansu mata kuwa sai ta zauna a bakin mahaifa tana ɓata fatar wurin sannu a hankali, ba zafi, ba jini. Daga zamanta zuwa ta rikiɗe ta zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Wannan jinkiri rahama ne, domin duk tsawon lokacin ana iya ganin tabon a kashe shi cikin ƴan mintoci. In an bari ya wuce nan, sai alamu su fito: jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini ga macen da ta riga ta daina al'ada, ruwa mai wari, ciwon mara da na baya.

Turawa sun rage ciwon tun kafin su san ƙwayar, ta hanyar awon da likita Papanikolau ya bayyana a Amurka a 1943: a goge bakin mahaifa, a kai abin da aka goge ɗakin awo, gwani ya duba da madubin likita, bayan kwanaki a kira mace ta dawo. Hanyar tana da kyau inda akwai ɗakunan awo da gwanaye da hanyoyin mota. Macen da ta yi tafiyar yini a amalanke, ta bar gona da yara, da wuya ta sake dawowa don karɓar sakamako.

Binciken da ya dubi halin talaka

Nan ne waɗansu masu bincike suka yi abin da ya cancanci yabo, suka nemi hanyar da ta dace da ƙasar da ba ta da kuɗi. Suka gwada ruwan binegar, irin wanda ake zubawa a salati, mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. In an shafa shi a bakin mahaifa aka jira minti 1, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, ido ya gan shi da hasken tocila. An gwada wannan a Zimbabuwe ga mata fiye da dubu 10, aka buga sakamakon a 1999. Cibiyar binciken ciwon daji ta OMS da ke birnin Liyon na Faransa ta sake gwadawa ga mata kusan dubu 57 a Indiya da Burkina Faso da Kwango da Gine da Mali da Nijar, aka buga a 2004. Watau matan ƙasar nan suna cikin waɗanda suka ba da jikinsu aka tabbatar da wannan hanya, duniya ta amfana. Ba daidai ba ne a ce ƴaƴansu su rasa abin da iyayensu suka taimaka aka samo.

A unguwannin talakawa na birnin Mumbai, a Indiya, an bi mata wajen dubu 150 tun daga 1998. Masu yin awon ba likitoci ba ne, mata ne na unguwa masu ɗan karatu da aka horar cikin ƴan makonni. Sakamakon da aka bayyana a 2013 ya nuna mace-mace ta dalilin ciwon ta ragu da kashi 31 cikin ɗari. A gundumar Osmanabad kuma, ga matan karkara fiye da dubu 130, an nuna a 2009 cewa awon ƙwayar HPV kanta, ko da sau ɗaya tak aka yi wa mace, yana rage mace-macen da wajen rabi. Sabo da haka a 2021 OMS ta fifita wannan awo, ta ce a fara shi daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. Wani alherinsa shi ne mace na iya ɗaukar abin awon da hannunta, a ɓoye, ta miƙa wa ungozoma.

Magani ma an sauƙaƙa shi. Akwai ƴar na'ura mai aiki da batir wadda ake riƙewa a hannu, bakinta yana zafi har digiri 100, a ɗora shi kan tabon daƙiƙa 20 zuwa 30, ya mutu. OMS ta amince da ita a 2019. Ba a buƙatar ɗakin fiɗa, ba a sa mace barci, a rana ɗaya a duba ta, a yi mata magani, ta koma gida.

Allurar rigakafi ta fito a 2006. Ruwanda ce ƙasar Afirka ta farko da ta yi wa ƴan matanta baki ɗaya, daga 2011, ta kuma kai ga fiye da kashi 90 cikin ɗari. A Ingila, binciken 2021 ya nuna ciwon ya ragu da kashi 87 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa allurar suna da shekara 12 ko 13. Da farko sai an yi ta sau 3, abin da ke da tsada da wahala. Wani bincike a Kenya, ga ƴan mata fiye da dubu 2, ya nuna allura guda tana kare su daga iri 16 da 18 da wajen kashi 97 cikin ɗari, kuma a 2022 OMS ta ce guda ɗaya ta isa ga ƴan mata masu lafiya. Senegal ta sa allurar cikin tsarin rigakafinta a 2018, Burkina Faso a 2022, Nijeriya kuma a watan Oktoba na 2023, ga ƴan shekara 9 zuwa 14.

Abin da ƙasa ta riga ta yi

Ba a fara daga babu ba. Tun 1992 akwai kundin rajistar masu ciwon daji a Yamai, wanda ya nuna sankarar bakin mahaifa tana biye da ta nono wajen yawa ga mata. A 2007 gwamnati ta kafa dokar kula da sankarar mata kyauta. A watan Maris na 2021 aka buɗe sashen ƙona sankara da haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, alhali kafin nan mai buƙatar wannan magani sai ya ƙetare iyaka. Duk waɗannan ayyuka ne na a yaba.

Amma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi fiye da 600, daga Difa kuwa ya zarce 1,300. Ƙona sankara da haske yakan ɗauki makonni ana zuwa kusan kullum. Ko an ce maganin kyauta ne, kuɗin mota da masauki da abincin mai jinya da na mai rakiya ba kyauta ba ne. Magidanci da yawa sai ya sayar da awaki ko ya jinginar da gona, wani kuma ya haƙura ya koma ga boka. Kuma doka ta kyauta ba ta tsayawa da ƙafafunta sai in kuɗin da hukuma za ta mayar wa asibiti suna isa a kan lokaci. In sun makara, kanti ya bushe, sai a rubuta wa maras lafiya takarda a ce ya je ya sayo.

Lissafin a bayyane yake. Kowace macen da aka kashe wa tabo a gidan likitan gundumarsu, gado ɗaya ne aka sauke wa Yamai, gida ɗaya ne kuma da bai sayar da dabbobinsa ba. Ita na'urar Yamai dole a kula da ita, a ma ƙara irinta a manyan jihohi in hali ya yi, domin kullum za a sami waɗanda suka makara. Sai dai in an tsaya nan, ana ɗiban ruwa ne daga ɗaki rufin yana yoyo.

Masu ja da magana

Waɗansu za su ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa da gudawa sun fi kashe mutane, a bar zancen ciwon daji sai an gama da su. Gaskiya ne sun fi yawa. Amma wannan ciwo yana ɗaukar mace ne tana tsakiyar ƙarfinta, da goyo a baya da yara a gaba, kuma kowa ya san halin da yaro ke shiga in uwa ta faɗi. Daɗa aikin ba ya neman sabon gini. Ma'aikatan da ke yi wa jarirai allurar baƙon dauro su za su yi wannan, ungozomar da ke awon ciki ita za ta yi awon binegar.

Waɗansu za su ce ba su yarda da allurar Turawa ba, kada a hana ƴaƴansu haihuwa. Wannan tsoro bai kamata a yi masa dariya ba, yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin wani gwaji da ya shafi yara 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da jihar Kano a 2009 a kan dalar Amurka miliyon 75. Wannan yana cikin abin da ya sa aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe maƙwabta. A Amurka ma, a 1951, an yanki tsokar wata baƙar mace mai wannan sankara, Henrietta Lacks, a asibitin birnin Baltimo ba da saninta ba, aka yi shekaru ana bincike da ita iyalinta ba su da labari. Shi kansa binciken Mumbai an zarge shi, domin an bar rabin matan da wa'azi kawai ba awo, don a sami abin gwadawa.

Darasin da ke ciki shi ne, duk binciken da za a yi ga talaka, dole a yi masa bayani da harshensa, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, ya yarda ba tilas, kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar bincike ya sa ido, kuma in an sami amfani ya fara isa ga waɗanda aka gwada a kansu. Allurar HPV kuwa ta daɗe da wuce matakin gwaji. An yi ɗaruruwan miliyoyinta tun 2006, Turawa suna yi wa ƴaƴansu na cikinsu, kuma masanan OMS da suka bi diddigi ba su ga tana hana haihuwa ba. Abin da ke hana haihuwa tabbas shi ne ciwon kansa, domin in ya kama sai a cire mahaifa ko a ƙone ta.

Waɗansu kuma za su ce ciwon na mata marasa kamun kai ne, matar kirki ba ta buƙatar awo. Wannan magana kuskure ce, kuma tana kashe mata. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samun ƙwayar daga gare shi, shi ma bai san yana ɗauke da ita ba, domin ga namiji ba ta cika nuna alama ba. A gidan da ke da mata biyu ko uku tana iya zagayawa. Kunyar wannan zargi ce ke sa mace ta ɓoye tsumma wata da watanni, har warin ya tona ta.

Waɗanda ake mantawa da su

Ƙasashe da yawa suna yin allurar a makarantu, domin nan ya fi sauƙi. A ƙasar nan wannan kaɗai ba zai isa ba, tun da ƴan mata da yawa na karkara ba sa zuwa makarantar boko ko sun bar ta da wuri. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata sun yi aure kafin shekara 18. Allurar kuwa ta fi amfani kafin aure, domin tana hana ƙwaya shiga ne, ba ta korar wadda ta riga ta shiga. To, sai a bi yarinya inda take: makarantar allo, kasuwa, bakin rijiya, rugar Fulani, zangon Buzaye, sansanin ƴan gudun hijira na Difa da Tilaberi. Taron shan gishirin dabbobi na Ingal da ake yi kowace shekara wuri ne da ma'aikatan lafiya suka saba samun makiyaya.

Mata masu ɗauke da ƙwayar sida sun fi sauran haɗarin kamuwa har ninki 6. OMS ta ce su a fara musu awo daga shekara 25, a maimaita bayan shekara 3 zuwa 5. Tun da suna zuwa karɓar maganinsu, babu dalilin da zai hana a duba su nan take.

Akwai kuma wadda ciwo ya riga ya ci ƙarfinta, likita ya ce a mai da ita gida. Ita ma tana da hakki. Wani kwamitin masana ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun wajen kashi 1 cikin ɗari kaɗai na morfin da danginsa da ake rarrabawa. A Uganda, likita Anne Merriman ta fara a 1993 dama garin morfin da ruwa a zuba a kwalba, maras lafiya ya riƙa sha a gida, ba tsada. A 2004 gwamnatin Uganda ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, domin likitoci ba su isa ba. A birnin Boston kuma, binciken 2010 ga masu sankarar huhu 151 ya nuna waɗanda aka fara kula da zafinsu da damuwarsu tun da wuri sun fi samun sauƙi, har sun fi daɗewa, wata 11 da ɗoriya a kan kusan wata 9. Ana iya tsare morfin daga ɓarayi da ƴan maye da rajista da makulli, ba sai an bar uwa tana kuka dare da rana ba.

Aikin da ya rage

Ranar 17 ga Nuwamba 2020 OMS ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan ciwo, da alƙawari uku kafin 2030: a yi wa kashi 90 cikin ɗari na ƴan mata allura kafin su cika shekara 15, a auna kashi 70 na mata a shekara 35 a kuma maimaita a 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka ga suna da ciwo magani. Lokacin ya kusa.

Ga magabata, abin da ake jira shi ne a horar da ungozomomi, a ba kowane asibitin gunduma na'urar ƙona tabo, a sa kuɗin abin cikin kasafin ƙasa don kada aiki ya tsaya ranar da masu ba da agaji suka naɗe tabarma. Kada a yi awo inda ba a tanadi magani ba, domin gaya wa mace tana da tabo a sallame ta haka nan ƙarin baƙin ciki ne kawai. Kundin rajista kuma ya kamata ya riƙa samun labari daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas, kuma malaman jami'o'in ƙasa su bincika abin da babu baƙon da zai bincika musu: dalilin da ke sa mata makara, nawa iyali ke kashewa, mata nawa ke dawowa bayan awo.

Ga sarakuna da masu gari da limamai, maganarsu ɗaya a bakin masallaci ko wajen suna ta fi takarda ɗari. Ga masu gida, izinin fita da kuɗin mota suna hannunsu. Mijin da ya ji matarsa na jini ba lokacinsa ba, ya kai ta gidan likita cikin makon, kada ya jira kaka.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci kuwa, su ne idon ƙauye. Su karanta wa maƙwabta alamun nan guda biyar, su rubuta sunayen ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 na garinsu, su tambayi ma'aikacin lafiya ranar allura da ranar awo, in babu su kai maganar gaban magajin gari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba shugabanni ikon sauke amanar da ke wuyansu.